Idan ƙibar da kika sauke ta dawo da 'yan rakiya

Ana saura kwana uku ɗaurin auren ƙanwata na je wajen tela karɓo ɗinkin anko. Ranar da na kai atamfar ba ta auna ni ba, ni ce ma na ce ta yi da awon da ke littafinta, ai tana da shi. Na shiga bayan labule na zura riga, ta tsaya a kafaɗa. Na ja, na tsuke ciki, na riƙe numfashi, zif ya hau rabin baya ya ce daga nan ba ya gaba. Telar ta zagayo ta duba, ta buɗe littafi, ta ɗauko tef ta zagaya ƙuguna, sannan ta sassauta murya don kada yaran shagon su ji, ta ce, "Hajiya, awon nan ya shekara biyu. Sai dai mu farke gefe mu ƙara ƙyalle, in akwai ragowa."

Awon da ke littafin na lokacin da nake kilo 79 ne. Kafin nan ina 94, na yi wata huɗu ina azabtar da kaina har na sauko. Ba tuwo, ba shinkafa, ba burodi. Da safe ruwan ɗumi da lemon tsami, da rana kokwamba da dafaffen ƙwai, da dare wani shayin rage ƙiba da na saya wajen wata a WhatsApp. Ni malamar makaranta ce, sau biyu jiri yana ɗibata a gaban allo, sai na dafa tebur na ce wa ɗalibai su buɗe shafi na gaba. Gashina ya riƙa bin mataji. Amma kowa ya gan ni sai ya ce, "Kai, Malama, me kike sha?" ni kuwa kaina ya yi girma.

Daga shagon telar na biya wani kemis na hau sikeli. Kilo 97. Goma sha biyar ɗin da na sauke sun dawo, sun kuma taho da uku 'yan rakiya.

Yanzu ina tsakanin 83 da 85, kuma na fi shekara a nan. Wata 14 na ɗauka kafin na iso, ina cin tuwo, ina zuwa biki, ina cin abincin da maigida da yara ke ci. Abin da zan zayyana miki ke nan. Da mata nake magana don su na fi sani, amma maigidan da tumbinsa ya sake tura riga gaba zai samu rabonsa.

Ba ragwanta ce ta dawo da ita ba

Na daɗe ina zargin kaina da kwaɗayi. Akwai kwaɗayin, ba zan wanke kaina ba, amma ba shi kaɗai ba ne. Jiki bai san kina son shiga riga ba. Abin da ya sani shi ne abinci ya ragu, ke nan an shiga fari, sai ya ɗauki matakan mai tsoron yunwa: ya rage abin da yake ƙonawa, ya kuma ƙara miki jin yunwa.

A 2011 wasu likitoci a birnin Melbon na Ostireliya suka sa mutum 50 a kan abinci ɗan kaɗan na mako 10. Sun rame sosai. Da aka sake auna jininsu bayan shekara guda, sinadaran da ke tayar da yunwa ba su koma yadda suke a da ba, kuma mutanen da bakinsu sun ce sun fi jin yunwa. A Amurka kuma an bi mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin, aka fitar da sakamakon a 2016. Bayan shekara shida mafi yawansu sun mayar da kaso mai yawa na abin da suka sauke, jikinsu kuma yana ƙona kusan kalori 500 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) ƙasa da abin da ya kamata a ce mai girman jikinsu yana ƙonawa a rana. Su nasu ya yi tsanani, ba kowa ne zai kai haka ba, amma hanyar ɗaya ce.

Sannan ramar gaggawa ba kitse kaɗai take ci ba, har da tsoka, ita kuwa tsoka tana cin abinci ko kina zaune. Ga shi kuma duk tsarin da aka ce na wata uku ne, to yana da ranar ƙarewa. Ranar da ya ƙare, tsohon farantinki yana nan yana jiranki, da jikin da ya fi na da jin yunwa. Hatta allurar nan ta zamani, irin su Ozempic da Wegovy, an bi waɗanda suka daina ta, a cikin shekara ɗaya suka mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke.

Shi ya sa a karo na biyu na kafa wa kaina sharaɗi guda: ba zan fara komai ba sai abin da zan iya yi ranar biki, da watan azumi, da ranar da na dawo daga makaranta a gajiye. Duk shawarar da ta zo, da wannan mudun nake auna ta.

Shi kuwa shayin nan, yawancin irinsa ganyen filasko ne ko danginsa, wato maganin wankin ciki. Zaryar banɗaki yake sa ki, ki zubar da ruwan jiki, sikeli ya nuna sauƙi na kwana biyu. Kitse ko gezau.

Ki fara da asibiti da tef ɗin tela

Ki je a auna miki hawan jini da sukari kafin ki canza komai. Ki faɗa wa likita duk maganin da kike sha ko kika sha, kada ki ɓoye. Akwai waɗanda ke kawo ƙiba: allurar tsarin iyali ta wata uku takan ƙara wa wasu mata jiki, haka insulin, haka wasu magungunan farfaɗiya da na damuwa, balle ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, wadda wasu suka sha kafin aure don su ciko. Akwai kuma matsalar tayirod, wata 'yar halitta mai fitar da sinadari a gaban wuya, idan ta yi sanyi jiki yakan yi nauyi ga kasala, gwajin jini ke nuna ta. Mai ciki ba lokacinta ba ne. Mai shayarwa, da mai shan maganin ciwon sukari, da mai gyambon ciki, su bi da shawarar likitansu, musamman mai maganin sukari, don rage abinci ba a rage magani ba yana iya kayar da mutum.

Sai awo. Tef ya fi sikeli gaskiya. Ki zagaya cikinki a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, kusa da cibiya, ba tare da kin tsuke ba. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada zagayen ya wuce rabin tsawonki. Ni tsawona inci 64, ke nan bai kamata na wuce 32 ba. Ranar na samu 42. Kitsen ciki shi ne mai tafiya da ciwon sukari da hawan jini, ya fi na cinya da damtse haɗari.

Kada ki sa 79 ɗinki ta da a gaba. Wannan lambar da yunwa kika saye ta. Ki nufi kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki na yanzu, a rabin kilo a mako, wani makon ma ba komai. Ba ƙaramin abu ba ne. A wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2002, an ɗauki mutum sama da 3,000 da sukarinsu ya fara hawa. Waɗanda aka sa su sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon sukari ta ragu da kashi 58 cikin 100. A wajena kashi 7 bai kai kilo 7 cif ba. Da na sauke su ne na daina dafa bango in zan tashi daga sujada, kuma wallahi wannan ya fi mini rigar daɗi.

Mako guda na rubutu

Makon farko kada ki rage ko loma. Ki samu ɗan littafi ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki, da lokacin. Na yi rantsuwa ni ba mai ci ba ce, sau biyu kawai nake zama cin abinci. Littafi ya ƙaryata ni. Shayi da madara da sukari cokali huɗu da safe. Awara a ƙofar makaranta lokacin tara. Lemo mai sanyi bayan an tashi, saboda rana. Ɗanɗanon miya da ya zama yankan nama biyu. Ragowar taliyar auta, don kada a yi almubazzaranci. Cincin a gwangwani ina duba takardun jarrabawa. Sannan ƙarfe goma na dare maigida ya shigo da ƙunshin balangu ko gurasa, wa zai ce a'a?

Duk waɗannan a tsaye na ci su, shi ya sa ban lissafa su a abinci ba. Naki littafin zai bambanta da nawa, amma za ki ga abu biyu ko uku da suka fi yawa. Da su za ki fara, ɗaya bayan ɗaya, ki ba kowanne mako biyu ya zauna kafin ki ɗauko na gaba.

Abin sha, da mai, sannan tuwo

Tuwo ake fara zargi, alhali shi ne na uku a layi. Na farko abin sha ne, don ba ya ƙosarwa. Ki juya kwalbar lemo ki karanta. Wadda nake sha giram 10 da ɗoriya ne na sukari a kowane mililita 100, ke nan robar 50cl ta haura giram 50, cokalin shayi 12 zuwa 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abincin yini, in da hali ma a tsaya a wajen giram 25, cokali 6 ke nan. Roba ɗaya ta cinye na kwana biyu. Lemon malt da muke ba baƙi da masu jego a matsayin abin gina jiki bai bar sauran a baya ba. Zuma ma sukari ce, haka kunun aya da aka cika wa dabino.

Ban yanke sukarin shayi rana ɗaya ba. Daga huɗu na koma uku, bayan mako biyu na koma biyu, yanzu ɗaya, kuma in aka ba ni irin na da sai na ji kamar alewa aka narka. Zoɓo nake dafawa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, in sa a firji ba sukari, yara su zuba nasu in suna so. Fura da nono ban bari ba kuma ba zan bari ba. Ƙwallo ɗaya ake dama mini, nono ya fi yawa, ba sukari, kuma a matsayin abincin rana nake shan ta, ba abin kora abinci ba.

Na biyu mai. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitacin da ke cikin hatsi ko sinadarin gina jiki da ke cikin nama kuwa 4. Cokalin cin abinci ɗaya na mai, ko na gyaɗa ko manja, kusan kalori 120 ne. Ni da daga galan nake tuttulawa, ido ke awo. Wata rana na tara abin da na saba zubawa a miya a ƙaramin gwangwanin madara, sai da ya cika, cokali kusan 10, kalori 1,200 a tukunyar mutum shida, ban da wanda za a yaryaɗa a kan shinkafa da wake. Na koma cokali huɗu. Na ƙara daddawa da albasa da kayan ƙamshi. Mako uku aka yi kafin maigida ya lura, shi ma cewa ya yi miyar ta daina sa shi ƙwarnafi. Suya kuma na mayar da ita sau biyu a mako. Kifi a gasa ko a yi farfesu, awara a jefa ta cikin miya maimakon kasko, wake a yi alala maimakon ƙosai.

Sai faranti. Abu mafi wuya a gare ni shi ne fita daga tire. In ana ci a tire ɗaya ba ki san iyakar naki ba, hannu ne ke ta zuwa har a ga ƙasa. Na sayi faranti madaidaici, nawa ni kaɗai. Malmalar tuwo kamar dunƙulen hannuna, ɗaya. Miya kuwa ba na tsumulmula, kuka ce, kuɓewa ce, taushe ce, karkashi ce, in cika. Ki lura miyoyinmu na gargajiya ganye ne zalla, mu ne muka nutsar da su a mai. Rabin farantin ya zama ganye ko kayan lambu, kwata abin gina jiki, kwata hatsi. Shinkafa ludayi ɗaya da rabi, wake ya rinjaye ta, a yanka kabeji da tumatir da albasa a kai. Dambu in zan yi, zogale ya fi tsaki yawa. Fate a cika masa alayyahu da yakuwa. Kwaɗon rama ko na zogale da ƙuli-ƙuli kaɗan yakan riƙe ni daga azahar har magariba.

Kada wani ya ruɗe ki da cewa sai kin sayi abincin kanti mai tsada. Na san halin da ake ciki, nama da kifi sun yi wuya. Wake, waken suya, ƙwai, nono da gyaɗa kaɗan duk suna gina jiki, kuma su ke kashe yunwa. In ba su a farantin safe, to kafin sha ɗaya ina ƙofar makaranta wajen mai awara. Gero da dawa da ba a surfe su fes ba sun fi farar fulawa riƙe ciki. Kayan lambu da na marmari ki bi kaka: mu a Kano in na samu sarari ranar Asabar nakan shiga 'Yankaba in yi sayayyar mako, ya fi tsinta a bakin titi sauƙi. Lokacin mangwaro a sha mangwaro, lokacin kankana kankana, yalo da karas kuwa su ne cincin ɗina yanzu in ina duba takardu. Ki ci ɗan itacen da haƙori, kada ki matse ruwansa ki zubar da tuƙa.

Balangun dare shi ya fi ba ni wahala, don ba abinci ba ne kawai, tsarabar miji ce. Ban ce ya daina ba. Cewa na yi, "Alhaji, don Allah ka riƙa kawowa ranar Juma'a kawai, sauran kwanakin in ka ga kankana ka riƙo mana." Ya yi dariya ya ce an fara ke nan. Yanzu shi ma wandunansa sun yi masa yawa. Tuwon dare kuma mun dawo da shi tsakanin magariba da isha, daga nan an rufe kicin. Na kuma daina kwana da waya a hannu, don na lura duk daren da ban samu barcin awa bakwai ba, washegari zaƙi nake nema kamar an aiko ni.

Motsi, ga macen da ba ta zuwa gidan motsa jiki

Kakata ba ta taɓa jin kalmar motsa jiki ba. Ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga, ta yi wanki a tsugune, ta tafi unguwa da ƙafa. Ni inji ke mini niƙa, famfo ke kawo ruwa, adaidaita sahu ke ɗaukata daga bakin layi ya sauke ni a bakin get. Tuwon da ta ci nake ci, aikin ne ban gada ba.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta wa baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Matsakaici shi ne tafiyar da za ki iya magana a cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba. Minti 30 sau biyar ya ba ki 150.

Na fara da minti 10, a tsakar gida, bayan sallar asuba, daga ƙofar kicin zuwa zaure in dawo, yara suna leƙe ta taga suna ƙyalƙyala dariya. Kowane mako na ƙara minti biyar. Da na kai 30 tsakar gida ta ishe ni, na yi wa maƙwabciyata magana, muka riƙa fita da hijabanmu da takalman kambas muna zagaya unguwa kafin gari ya cika. Samun abokiyar tafiya ya fi kowace dabara, don ranar da na ji ƙyuya, sallamarta a ƙofa ke tashe ni. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, in ba da asuba ba to bayan magariba, kuma da gorar ruwa. Da hunturu in ƙura ta yi yawa mu koma cikin gida. A hanyar dawowa daga makaranta kuma nakan sauka tun kafin layinmu in ƙarasa da ƙafa.

Ƙarfafa tsoka shi mata suka fi gudu, suna tsoron zama ƙarti. Ba za ki zama ba. Shi ke tsare tsokarki lokacin da kike sauke kitse, kuma shi ke tallafa wa gwiwa. Ga nawa, Talata da Asabar, minti 15: in zauna a kujera in miƙe ba tare da dafa komai ba sau 10, in dafa bango in tura jikina baya sau 10, in ɗaga robar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu sama da kai sau 10, in hau matakalar farko ta bene in sauko sau 10 kowace ƙafa. In huta, in sake zagaye biyu. In ya zama wasa sai a ƙara nauyi ko yawa. Ciwon tsoka na kwana biyu ba komai, amma in gaɓa ce ke suka, ko ƙirji ya riƙe, ko jiri, ki tsaya ki ga likita.

Abu ɗaya da zan gaya miki tsakani da Allah: tafiya ba ta biyan bashin ciki. Rabin awar da kika yi kina zufa, robar lemo ɗaya ta shafe ta har da ƙari. Faranti ke sauke nauyi, motsi ke hana shi dawowa. Karon farko ban motsa ko ina ba, ga inda na ƙare.

Bakin mutane, biki da azumi

Da na sauke kilo takwas na je gaida Umma, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, lafiya kuwa? Ko wani abu ke damunki a gidan?" A wajenta ƙiba alamar kwanciyar hankali ce, rama kuwa ko ciwo ko kishiya. Na ce, "Umma, likita ne ya ce sukarina ya fara hawa." Nan take ta janye kwanon alkaki da ta turo mini. Ki riƙe wannan. In kika ce kwalliya kike nema za a yi ta ja da ke, in kika ce lafiya ce sai a taya ki da addu'a.

Biki ba na ƙin zuwa, ba na kuma zuwa da yunwa. Nakan ci ƙwai ko in sha nono kafin in fita. A can in zaɓi abu ɗaya da raina ya fi so, yawanci waina da miyar taushe, in ci a zaune in ji daɗinta, in karɓi ruwa a maimakon lemo. Ledar kayan gara, su nakiya da dubulan, ba ta kwana a ɗakina, don na san kaina. A ƙofar gida nake rabar da ita.

Azumi kuwa, shekara da shekaru ina fitowa daga Ramadan na fi yadda na shiga nauyi, ina mamaki. Ba abin mamaki: kunu mai sukari kofi biyu, ƙosai, soyayyen dankali, doya da ƙwai, lemo, sannan tuwo, duk a cikin awa ɗaya. Yanzu dabino uku da ruwa, in tashi in yi magariba. Kafin in sallame haukar yunwar ta kwanta. Sai kunu kofi ɗaya da soye iri ɗaya kawai, ba uku ba. Abinci sosai bayan tarawihi, a farantina. Sahur da wake ko ƙwai ko fura da nono, da ruwa isasshe. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, tun muna Islamiyya muka haddace shi, amma sai da na haura arba'in na gwada aiki da shi a kan tabarmar buɗa-baki.

In sikeli ya tsaya, da in ya fara hawa

Sau ɗaya a mako nake hawa sikeli, Juma'a da safe, bayan na fito banɗaki kafin na ci komai, in rubuta a bayan littafin nan. Kullum-kullum yana sa mutum hauka, don gishiri da al'ada da rashin bayan gida suna iya motsa shi da kilo ɗaya ko biyu alhali ba kitse ba ne. Tef kuma sau ɗaya a wata.

A wata na biyar na tsaya cak a 89 har mako shida. Da a ce ni ce ta da, da na koma ruwan lemon tsami. Sai na ɗauko littafi na sake rubutun mako guda. Ashe malmalar ta girma a hankali, cokalin mai ya koma shida, ragowar auta ta dawo. Na gyara waɗannan, na ƙara minti 10 a tafiya, ya ci gaba da sauka. Jiki in ya ragu, abin da yake buƙata ma ya ragu, don haka dole a riƙa waiwaye.

Sai jan layi. Wancan karon ba rana ɗaya na tashi daga 79 na ga 97 ba. Na ga alamu, na daina hawa sikeli don kada raina ya ɓaci, na koma ɗaura zani da dogayen riguna masu faɗi, har sai da tela ta faɗa mini. Yanzu layina 86 ne. In na taɓa shi Juma'a biyu a jere, ba jira sai bayan wata, a ranar nake ɗauko littafi.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce na taɓa shi, 86 da rabi, don soyayyen naman layya yana cikin bokiti a ɗakina, ina wucewa ina tsinta. Ban yi azumin ramuwa ba, ban tsallake abinci ba. Na kai bokitin ɗakin maigida na ce ya riƙa ba ni yanka uku da rana, na mayar da cokali bakin galan ɗin mai, na buga wa maƙwabciyata waya na ce gobe da asuba ina ƙofa. Juma'a ta uku sikeli ya nuna 84 da ɗigo takwas.